Yadda ake samo tsofaffin fina-finan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare don sakawa a talabijin, mataki-mataki

Tambayar nan ta yi yawa, musamman daga matasan da ke aiki a ƙananan tashoshin talabijin da masu haɗa dokumentari, wai ina ake samun tsofaffin fina-finan nan da ba sai an biya kowa ba, kuma ya mutum zai tabbatar ba zai wayi gari da takardar lauya a ofis ba. Toh ga shi na zauna na jero yadda ake yi. Abu ɗaya da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne saukar da fim ɗin shi ne mafi sauƙi a duk aikin, wahalar tana wajen tara hujjar cewa fim ɗin ya zama na kowa, don haka kar ka yi mamaki in ka ga sai a mataki na biyar muka zo maganar saukewa.

Kayan aikin ba su da yawa: kwamfuta mai ɗan ƙarfi, data mai yawa ko waifai, had-dis na waje guda biyu, da manhajoji na kyauta irin su MediaInfo, FFmpeg, VLC, DaVinci Resolve da Subtitle Edit. Sai takardar Excel ɗaya da za ka dinga rubuta komai a ciki.

1. Fara da sanin inda hotonka zai kai

Dokar haƙƙin mallaka ta ƙasa-ƙasa ce. Fim zai iya zama na kowa a Amurka amma yana da mai shi a Jamus, ko ya zama na kowa a Najeriya amma a Ghana da saura. Saboda haka kafin ka taɓa komai ka je wajen shugaban sashen shirye-shirye ka tambaye shi, ranka ya daɗe fim ɗin nan a ina da ina za a gan shi? Eriya ce kawai da ke ɗaukar jiha ɗaya, ko muna kan tauraron ɗan'adam da ake kamawa har Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi, ko kuma ana watsa shirye-shiryenmu kai tsaye a Facebook da YouTube? Rubuta amsar a layin farko na takardarka.

Gargaɗi: yawancin tashoshi yanzu suna ɗora komai a intanet ko da ba a gaya maka ba, wani yaro ne a sashen soshiyal midiya zai yanko ya ɗora. Da zarar ya hau YouTube toh dokar Amurka ta shigo maganar tunda can kamfanin yake, kuma da tsarin can suke karɓar ƙorafi.

2. Gano ainihin fim ɗin

Kafin lissafi sai ka san waye kake lissafa wa. Rubuta sunan fim na asali da duk wani suna da aka sake masa daga baya, shekarar da aka fara haska shi, ƙasar da aka yi shi, kamfanin da ya shirya, darakta, marubucin labari, wanda ya yi kiɗa, da shekarar da kowannensu ya rasu in ya rasu. In fim ɗin daga littafi ko wasan dandamali aka ciro shi, shi ma rubuta.

Gargaɗi: fim ɗaya kan fito sau biyu. The Gold Rush na Charlie Chaplin ya fito a 1925 ba murya, sannan a 1942 Chaplin ya sake fitar da shi da muryarsa yana bayani da kuma kiɗa. Na 1925 ya zama na kowa a Amurka, na 1942 yana da masu shi. In ka ji murya tana ba da labari a kwafinka toh ba wanda kake nema ba ne.

3. Yi lissafin shekaru

Nan ne sai ka nutsu.

A Najeriya dokar da ke aiki ita ce ta 2022 wadda aka sa wa hannu a Maris 2023. Fim yana da kariya ta shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a. Amma rubutu da waƙa da kiɗa nasu daban ne, shekara 70 bayan rasuwar mai su. Faifan sauti shekara 50. Ghana kuwa fim shekara 70 ne. Indiya shekara 60. A ƙasashen Tarayyar Turai ana jira ne sai shekara 70 bayan rasuwar na ƙarshe cikin mutum huɗu, wato darakta, marubucin labari, marubucin zantuka da mai kiɗan da aka yi don fim ɗin, shi ya sa Metropolis na 1927 ya zama na kowa a Amurka a 2023 amma a Jamus sai ƙarshen 2046 saboda Fritz Lang ya rasu ne a 1976. In tasharka a Nijar take ko ana kama ta sosai a can, ka rubuta wa BNDA a Yamai ka nemi amsa a rubuce, su ne ofishin haƙƙin mallaka na ƙasar.

Amurka kuma tata daban ce, ga ta a taƙaice. Fim ɗin da aka fitar kafin 1978 iyakar kariyarsa shekara 95, yana faɗowa, wato ya zama na kowa, ranar 1 ga Janairu na shekarar da ta biyo. Na 1928 sun faɗo a 2024, cikinsu har da katun ɗin Mickey Mouse mai suna Steamboat Willie, na 1929 a 2025, na 1930 a 2026, haka zai yi ta tafiya duk shekara. Bayan wannan akwai ƙofofi biyu da fina-finai da yawa suka faɗo ta ciki tun kafin lokacinsu. Ta farko, wanda aka fitar kafin 1964 sai an sabunta rajistarsa a shekara ta 28, in ba a yi ba shikenan ya tafi. Ta biyu, wanda aka fitar kafin 1978 ba tare da an rubuta sanarwar haƙƙin mallaka a jikinsa ba, wato alamar © ko kalmar, da shekara da sunan mai shi. Night of the Living Dead na 1968 ta nan ya faɗo, kamfanin rarrabawa ya canza masa suna, garin canza allon sunan aka bar sanarwar a baya.

Gargaɗi babba: ƙofofin nan biyu na fina-finan Amurka ne. Fina-finan wasu ƙasashe da suka faɗo ta wannan hanya an mayar musu da kariyarsu a Amurka daga 1 ga Janairu 1996 matuƙar a ranar suna da kariya a ƙasarsu, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da haka a 2012. Wannan ya shafi masu sha'awar tsofaffin fina-finan Indiya kai tsaye, za ka ga fim ya haura shekara 60 ya faɗo a Indiya, ya haura 50 a Najeriya, amma a Amurka yana nan da ransa sai ya cika 95, ka ɗora a YouTube su sauke.

Ni shawarata, kuma na san wasu za su ce na cika tsoro, ka zaɓi fim ɗin da ya tsallake a wurare uku gaba ɗaya: ƙasar da kake watsawa, ƙasar da aka yi shi, da Amurka. Gaskiya ne a takarda shekara 50 ta Najeriya ta buɗe fina-finai masu yawan gaske, amma tashar da ke kan dish da intanet ba a Najeriya kaɗai take ba.

Yadda ake duba sabuntawa a Amurka: ƙara 28 a kan shekarar fim ɗin, sannan ka duba wannan shekarar da wadda ta gabace ta da wadda ta biyo. In lissafin ya kai 1978 ko bayanta, bayanan suna shafin ofishin haƙƙin mallaka na Amurka, copyright.gov, kyauta, ka rubuta sunan fim ka nemi lambar da ta fara da RE. In kafin 1978 ne sai ka koma kundin da ake kira Catalog of Copyright Entries, an yi sikanin ɗinsa yana Internet Archive, ka nemi juzu'in fina-finai na waɗannan shekarun, lambobin sabuntawa a can da R suke farawa. Misali fim ɗin 1946 kundin 1973 da 1974 da 1975 za ka buɗe. Kowane shafi ka duba ka yi masa sikirinshot ko da ba ka ga komai ba, rashin ganin shi ne hujjar.

4. Ɓare fim ɗin gida-gida

Fim kamar gidan gado ne, ka sayi kason mutum ɗaya ba ya nufin sauran magada sun sallama. Hoton da aka ɗauka daban, labarin da aka gina shi a kai daban, kiɗa da waƙoƙi daban, gyaran da wani ya yi masa daga baya daban, kuma kowanne sai ka bi shi da lissafin mataki na uku.

Labari. It's a Wonderful Life na 1946 ba a sabunta shi ba a 1974, tashoshin Amurka suka yi ta haska shi kyauta duk ƙarshen shekara kusan shekara ashirin, sai a 1993 kamfanin Republic Pictures ya fito ya ce gajeren labarin da aka ciro fim ɗin daga ciki da kiɗan suna hannunsa, kuma ya dogara da hukuncin Kotun Ƙoli na 1990 a shari'ar Stewart da Abend. Daga nan kyauta ta ƙare. Har yau za ka ga fim ɗin a jerin fina-finan kyauta da mutane ke yaɗawa, kar ka taɓa shi.

Ga misali na gida wanda ya fi kusa da mu. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya ba da umarni ya fito a 1976, kenan shekara 50 ɗinsa na cika a ƙarshen 2026, wani zai ce toh daga nan ya zama na kowa. Amma daga littafin Abubakar Tafawa Balewa aka ciro shi, shi kuma ya rasu a Janairu 1966, ƙara 70 ka ga littafin yana da kariya har ƙarshen 2036. Sannan kwafi mai kyau da ake da shi yanzu gyararre ne, cibiyar Arsenal ta Balin ce ta yi aikin tare da Hukumar Fina-finai ta Najeriya aka haska shi a bikin fina-finai na Balin a 2018, ba za ka same shi ba sai ta hannunsu da sharuɗansu. Kaga fim ɗaya ƙofa uku.

Kiɗa. Charade na 1963 ya faɗo a Amurka saboda sanarwarsa ba ta cika ba, amma kiɗan Henry Mancini da ke ciki yana da rajistarsa daban. Mother India na 1957 da iyayenmu suka kalla a silima ya haura 60, amma Naushad da ya yi kiɗan ya rasu ne a 2006. In tasharku tana biyan lasisin kiɗa na shekara ga ƙungiyar karɓar kuɗin mawaƙa irin MCSN, ka tambaye su a rubuce ko lasisin ya rufe kiɗan da ke cikin fim ɗin wajen watsawa, kar ka ɗauka da kanka.

Gyara. Fim mara murya na 1920 da wani abu asalinsa ba shi da kiɗa a jiki, duk kiɗan da ka ji a kwafin intanet wani ne ya ɗora daga baya kuma nasa ne. Haka kalar da aka shafa wa fim baƙi da fari, haka sabtaitil, haka sabbin allunan rubutu, haka tambarin kamfanin da ya fitar da DVD.

Tambari da jarumin zane. Steamboat Willie ya faɗo amma Mickey Mouse har yanzu tambarin kasuwanci ne na Disney, za ka iya haska katun ɗin, ba za ka iya sa hotonsa a tallan omo ko ka mai da shi alamar shirinka ba. Katun ɗin Superman na 1941 zuwa 1943 su ma ana lissafa su cikin waɗanda suka faɗo, amma shi Superman ɗin kansa yana da masu shi.

5. Nemo kwafi

Sai yanzu za a sauke.

Internet Archive, archive.org, nan kowa ke farawa, akwai dubban fina-finai, ciki har da tarin Prelinger na fina-finan ilimi da talla da masana'antu, wanda ya fi amfani ga masu dokumentari da ke neman hoton cike gurbi. In ka buɗe shafin fim ka danna inda ake nuna duka fayiloli ka ɗauki na asali, wanda ya fi kowanne nauyi, yawanci MPEG2 ko babban MP4 ko MKV, kar ka ɗauki ƙaramin da shafin ya matse don kallo a waya.

Gargaɗi: kowa na iya ɗora fim a Internet Archive ya rubuta masa public domain da hannunsa, ba wanda ya tantance. Wannan rubutun ba hujja ba ne ko kaɗan, haka abin da mai tashar YouTube ya rubuta a ƙasan bidiyo.

Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, loc.gov, yana da sashen National Screening Room inda ake iya sauke wasu fina-finan da inganci mai kyau, kuma suna rubuta bayanin haƙƙi a ƙarƙashin kowanne, ka karanta don ba duka ne na kowa ba. Ma'ajiyar tarihi ta Amurka, archives.gov, da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, su ma wuri ne mai kyau saboda abin da ma'aikacin gwamnatin tarayyar Amurka ya yi a bakin aikinsa ba shi da haƙƙin mallaka a can tun asali. Sai dai NASA ba ta yarda a yi amfani da tambarinta ba ko a nuna kamar ta goyi bayan wani kaya, kuma wani lokaci a cikin bidiyonsu akwai kiɗa ko hoton wani kamfani. Wannan ƙa'idar ta gwamnatin Amurka ce kawai, kar ka ɗora ta a kan fim ɗin gwamnatin Najeriya ko ta Ingila.

Wikimedia Commons fina-finansa ba su kai na Archive yawa ba amma sun fi tsanani wajen tantancewa, kowane fayil da dalilin da ya sa aka ce na kowa ne, don haka ko ba a can za ka sauke ba ka leƙa ka ga me suka rubuta.

Akwai kuma sababbin fina-finai da masu su suka saki da lasisin Creative Commons, kamar katun ɗin Big Buck Bunny na 2008 da Sintel na 2010 daga gidauniyar Blender, ingancinsu ya isa talabijin kuma yara na son su. Waɗannan ba wai haƙƙinsu ya ƙare ba ne, izini aka bayar da sharaɗi. CC0 ba sharaɗi. BY sai ka ambaci mai shi, kenan kar ka yanke jerin sunayen ƙarshe don ka sa talla. In ka ga NC ka bar shi, ba na kasuwanci ba ne, tashar da ke karɓar talla kuwa kasuwanci take. ND kuma ya hana canzawa, ɗora muryar Hausa canzawa ce.

Masu neman tsofaffin hotunan ƙasarmu, hawan dabar Kaduna na 1956 ko bikin 'yancin kai na 1960 ko fina-finan majigi na zamanin Turawa, ku sani da yawansu suna hannun British Pathé da Reuters da ma'ajiyar BFI, wato cibiyar fina-finai ta Birtaniya, da Imperial War Museum a Ingila, wasu kuma a ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke Jos. Ganinsu a YouTube da tambari a kusurwa ba izini ba ne. Kuma a nan akwai abin da mutane ba sa ganewa: ko da haƙƙin mallaka ya ƙare, wanda ke riƙe da faifan asali yana da ikon ya caje ka kuɗin kwafi ya kuma sa ka sa hannu a yarjejeniya, sau nawa za ka haska, a wace ƙasa, na shekara nawa. Ka sa hannu ya ɗaure ka, ba ruwan kotu da cewa fim ɗin na kowa ne. Karanta kafin ka sa hannu, kuma ka nemi a rubuta intanet a ciki in kana buƙata.

6. Duba inganci ka daidaita shi da injin tasha

Buɗe fayil ɗin a MediaInfo ka duba girman hoto, firem nawa a sakan, da nauyin bidiyo. Sannan ka kalle shi daga farko har ƙarshe a babban allo, ba a waya ba, ba kuma da tsallake ba, don tsofaffin kwafi sukan zo da guntun da ya ɓace a tsakiya, ko tambarin wata tasha a kusurwa, ko murya ta riga baki.

Mu nan firem 25 muke watsawa, fim ɗin silima kuma 24 ne. Hanyar da aka saba ita ce a ƙara masa gudu kaɗan ya koma 25, kashi 4 cikin ɗari kenan, fim mai minti 100 zai dawo 96, murya za ta ɗan sirance sai a gyara ta a editin. Ka gaya wa mai tsara jadawali sabon tsawon, ba wanda ke rubuce a intanet ba. In MediaInfo ya nuna maka 29.97 toh daga kaset ko DVD na Amurka aka ciro, an cusa masa ƙarin firem, sai ka fara cire su da FFmpeg ya koma 23.976 kafin ka kai shi 25, in ka tsallake wannan duk inda kyamara ta juya za ka ga hoto yana tuntuɓe. Fina-finai marasa murya da yawa an ɗauke su ne a ƙasa da 24, wajen 16 zuwa 22, shi ya sa in aka kunna su ba daidai ba mutane ke tafiya kamar ana korarsu.

Gargaɗi: tsofaffin fina-finai kusan murabba'i ne, 4:3. Dan Allah kar ka ja shi ya cika allo mutane su koma gajeru masu faɗi, kar kuma ka yanke kawuna. Bar baƙi a dama da hagu. Kuma a yi hankali da manhajojin nan masu ƙara wa hoto kyau da ƙirƙirarriyar basira, in aka matsa musu fuska takan koma kamar ta roba.

Tambayi injiniyan tasha wane irin fayil injinsu ke karɓa kafin ka fitar, wasu XDCAM HD mai 50 suke so, wasu MP4 ya ishe su. Sauti kuma ma'aunin da aka fi bi wajen ƙarfinsa shi ne -23 LUFS. Ka ajiye uwar kwafi ɗaya a ProRes 422 HQ, awa ɗaya na cin wajen gig 83, shi ya sa na ce had-dis biyu, ɗaya a ofis ɗaya a wani wuri daban.

7. Fassara da kiɗa

In fim ɗin ya tsallake duk matakan baya, kana da damar yi masa sabtaitil ko ɗora muryar Hausa, kuma fassarar da ka yi taka ce, tana da nata haƙƙin. Amma ka sa mai fassara da masu murya da mai kiɗa su sa hannu a takarda cewa aikin na tasha ne, in ba haka ba gobe ɗayansu zai ce muryarsa ce.

Gargaɗi: wajen sa wa fim mara murya kiɗa ake yawan faɗawa rami. Wani zai ce bari in sa Shata ai tsohuwar waƙa ce, alhali Mamman Shata ya rasu a 1999, lissafa 70 ka gani. Wani zai ɗauko Mozart, eh waƙar ta zama ta kowa amma faifan da wata ƙungiyar makaɗa ta naɗa shekara goma da suka wuce nasu ne. Mafi sauƙi ka kira mai fiyano ko mai gurmi sitidiyo ya kalli fim ɗin ya buga sabo, ka biya shi, ya sa hannu.

8. Tacewa

Kasancewar fim na kowa bai cire shi daga dokar watsa shirye-shirye ba, ƙa'idojin NBC, hukumar da ke kula da tashoshin rediyo da talabijin a Najeriya, suna nan, haka na hukumar tace fina-finai ta ƙasa, in a Kano kake kuma za ka rarraba ko ka haska a waje ga hukumar tace fina-finai ta jiha. Kar tsufan fim ya ruɗe ka ka ɗauka tsaftatacce ne, fina-finan Amurka na kafin 1934 lokacin da aka tsaurara tacewa a can akwai shigar banza da shaye-shaye sosai. Sannan akwai cin mutuncin baƙar fata, Turawa su shafa baƙi a fuska suna kwaikwayonmu, har a katun na yara. The Birth of a Nation na 1915 na kowa ne amma yabon 'yan Ku Klux Klan ne, ƙungiyar Turawan Amurka masu ƙin baƙar fata. Sanders of the River na 1935 da aka gina labarinsa a Najeriyar mulkin mallaka, shi kansa Paul Robeson da ya fito a ciki ya barranta da shi daga baya. Irin waɗannan in za a nuna sai dai a shirin tarihi da mai sharhi a gefe.

9. Haɗa fayil ɗin hujja

Kowane fim da folda tasa. A ciki: takardar bayanan mataki na biyu, lissafin shekaru na kowace ƙasa, sikirinshot na binciken sabuntawa da ranar da ka yi, hoton allon farko da na ƙarshe na fim ɗin inda sanarwa take ko babu, adireshin inda ka sauke da ranar, jerin duk kiɗan da ke ciki da mintin da ya shigo da mai shi, yarjejeniyoyin masu fassara, da duk wasiƙar da ka yi da wata ma'ajiya. A saman su shafi ɗaya da ke cewa mun gamsu wannan fim na kowa ne a ƙasa kaza da kaza saboda dalili kaza, lauyan tasha ya sa hannu. In za ka sayar wa babbar tasha ko kamfanin waje dokumentarin da ka sa guntayen a ciki, wannan folda za su fara nema, wasu har da inshorar kuskuren haƙƙi, kuma kamfanin inshora ba zai kula ka ba in babu ita.

10. Kuɗin da za ka kashe

Fim ɗin kyauta ne amma aikin ba kyauta ba. Data da had-dis su ne na farko. Sai lauya, wanda ya san harkar haƙƙin mallaka ba kowane lauya ba, ka tara fina-finai goma ko ashirin ka kai masa lokaci ɗaya ya fi arha a kan ɗaya-ɗaya. In fim ɗin Amurka ne mai rikitarwa kuma kana son takarda daga tushe, ofishin haƙƙin mallakarsu na yin bincike a kan dala 200 duk awa, mafi ƙaranci awa biyu, sai dai rahoton abin da ke cikin kundinsu kawai za su ba ka, ba za su yanke maka hukunci ba. Ma'ajiyoyin kasuwanci irin Pathé da sakan ko minti suke caji, kuma farashin na hawa gwargwadon ƙasashe da shekaru, don haka ka gama editin da kwafin gwaji mai tambari tukuna, ka san sakan nawa kake buƙata, sannan ka saya. Mafi tsada a ƙarshe yawanci fassara ce da sitidiyo.

11. In ƙorafi ya zo

Zai zo, ko da ka yi komai daidai, musamman a YouTube inda na'urar Content ID ke kama fim saboda wani kamfani ya yi rajistar nasa kwafin. Fara duba me aka kama, hoto ne ko sauti, kuma daga minti nawa zuwa nawa. In sauti ne akwai yiwuwar suna da gaskiya, koma jerin kiɗanka ka duba, in ya kama ka cire ka sa naka. In hoto ne kuma foldarka ta cika, ka ƙalubalanta ka rubuta dalilin a gajarce da shekara da dokar da ka dogara da ita, suna da kwana 30 su amsa, in suka yi shiru ƙorafin ya faɗi.

Gargaɗi: kar ka ƙalubalanta in ba ka da tabbas, domin mai ƙorafi na iya mayar da shi buƙatar saukewa, wannan kuma gargaɗi ne da YouTube ke rubutawa a kan tashar, wanda ake kira strike, uku a cikin kwana 90 ana rufe ta gaba ɗaya da duk abin da ke ciki. In kuma takarda ce ta zo ofis daga lauya ko daga Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, kar ka amsa da kanka a waya ko WhatsApp, ka dakatar da maimaita fim ɗin a jadawali, ka miƙa wa lauyan tasha takardar tare da foldar fim ɗin a ranar.